Kafin Ku Kafa Tanti a Bakin Tafki

Shanu ne suka tashe mu. Mun yi sallar asuba, sanyin hunturu ya kore mu muka koma cikin tanti, kowa ya ja bargo, barci ya sake kwashe mu har hantsi ya dubi ludayi. Cikin barci na ji ƙasa tana amsawa kamar ana daka a tsakar gida. Kafin in wartsake, turaku biyu sun tuge, igiya ta tsinke, tantin ya rufto mana a ka. Da na samu na leƙo, ba abin da nake gani sai ƙafafu da ƙahoni da ƙura. Garke guda ne ya rabu biyu, ya zagaye mu ya wuce ruwa, ya bar mana tukunya a kife da ƙullin garinmu a tattake. Makiyayin yaro ne, bai fi shekara 12 ba. Ya tsaya, sanda a gicciye bisa kafaɗa, ya gaishe mu da ladabi, sannan ya ce, "Nan hanyar shanu ce." Bai ƙara ko kalma ba.

A bakin dam ɗin Tiga wannan ya faru, ina saurayi kamar ku. Mun isa da la'asar sakaliya, muka hango wani fili fes, ba ciyawa, ba ƙaya, ya gangara sumul har bakin ruwa, muka ce Allah ya kashe ya ba mu. Ba wanda ya tambayi kansa abin da ya hana ciyawa fitowa a wurin alhali hagu da dama duk ta tsiro. Ƙauye yana nan kusa, har dakan mata muna ji, amma ba mu shiga mun yi sallama ba. Mu 'yan birni ne, mun yi boko, muna da tocila da taswira. Me baƙauye zai gaya mana?

Na tono wannan tsohon abin kunya ne, 'ya'yana, don na ga abin ya dawo yayi. Da hutu ya zo sai ka ga samari sun yi karo-karo, sun ɗauki shatar bas, sun sayi tanti a gwanjo, sun nufi Tiga ko Challawa ko Dadin Kowa su kwana biyu. Ban ga laifin haka ba, murna ma nake yi. Yaron da aka haifa a lungun birni, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarsu ba, ya kamata ya ga inda ruwa ya haɗe da sama, ya ji yadda gari ke wayewa babu ƙarar janareta. Abin da ke ba ni tsoro shi ne idon da kuke zuwa da shi. Kun ga wurin a waya, ruwa shuɗi, rana tana faɗuwa, ba kowa, sai kuka ɗauka da gaske ba kowa. Mai ɗaukar hoton ne ya kauce wa mutane. Kowane taku na bakin tafkin nan yana da mai shi da abin da ake yi da shi. Nan mashaya ce, nan mata ke wanki, nan ake jan jirgi a ɗaure, can lambun wani ne da ruwa ya janye ya bar masa danshi, can kuma an shimfiɗa raga tun jiya da yamma.

Ku san ma cewa akasarin manyan tafkunan da kuke sha'awa a Arewa mutum ne ya datse kogi suka samu. An gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano, ruwa ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Kafin ya taru akwai gonaki a wurin, da gidaje, da rijiyoyi, da maƙabartu. A Kainji, da aka gama dam a 1968, kimanin mutum 44,000 aka tasa daga mazauninsu, tsohon garin Bussa kuma yana ƙarƙashin ruwa har yau, shi ya sa aka gina sabo a tudu. Saboda haka dattijon da za ku tarar yana ɗinkin raga a gindin bishiya, in ya miƙa hannu ya nuna tsakiyar ruwa, mai yiwuwa inda aka binne cibiyarsa yake nuna muku. Ku shan iska ya kawo ku na kwana biyu, shi kuwa da gonar ubansa aka sayi wannan iska. Ko ba komai ya cancanci a yi masa sallama.

To, da ita za ku fara, tun ba ku sauke kaya daga mota ba. Ku nemi gidan mai unguwa ko dagaci. Mutum biyu ko uku su je, manyanku, da shiga ta mutunci, ba da gajeren wando ba. Ku riƙe ɗan goro ko sukari, ba don ya rasa ba. Ku tsuguna ku gaishe shi, ku faɗi daga inda kuke, ku nawa ne, kwana nawa za ku yi, sannan ku ce, "Ranka ya daɗe, baƙinka ne mu, a nuna mana inda za mu sauka." Duk kayan da kuka saya ba wanda zai yi muku amfanin wannan magana. Daga lokacin da kuka furta ta kun shiga amanarsa. In akuya ta ɓata a daren nan ba za a fara duban tantinku ba, in wani abu ya same ku kuma gari zai fito. Sau da yawa zai haɗa ku da yaro ya raka ku, ko ya tura ku wurin Sarkin Ruwa, shugaban masunta, wanda ya san inda ruwa ke da rami da inda kada ke shanya. In magariba ta yi kada ku ware ku yi jam'inku a bakin tanti, ku taka zuwa masallacin gari. Mutanen da kuka haɗa sahu da su sun riga sun san fuskokinku, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Kada ku manta dam yana da hukuma. Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai masu gadi, akwai wuraren da ba a yarda baƙo ya kusanta ba, musamman jikin ginin da inda ake sakin ruwa. Ku nemi izini, ku kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. A zamanin nan, samari goma da tantuna a bakin daji cikin dare, ba wanda ya san da zuwansu, 'yan banga ba za su tsaya tambayar ko yawon buɗe ido ne ba.

Akwai kuma tafkunan da a yanzu ba na kwana ba ne, komai kyansu, kuma ba na jin daɗin faɗar haka. Gaɓar Tafkin Chadi, yankin Shiroro, dazuzzukan da ke kewaye da Kainji, madatsun Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina: duk mai sauraron rediyo ya san halin da ake ciki. Ko Tiga ɗin ma, ƙarshensa na kudu ya jingina da Dajin Falgore, ba kowane gefe ake kwana ba. Labarin tsaro ɗanye ake cinsa, abin da abokinku ya gani bara ba hujja ba ne bana. Ku tambayi direbobin tasha da mutanen garin a makon da za ku tafi. In suka yi jim kafin su amsa, kun riga kun sami amsa: ku yini ku dawo, ko ku fasa. Kada kuma wani ya fita bai gaya wa iyayensa gaskiyar inda za shi da ranar da zai dawo ba. Ku bar musu lambar wani mutumin garin, don sabis yakan ɗauke daidai lokacin da ake buƙatarsa.

In an nuna muku wuri, ku ma ku buɗe ido ku karanta ƙasa. Fili fes mai tattakakkiyar ƙasa da busasshen kashin shanu burtali ne ko mashaya. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya gargaɗi matafiyi cewa in zai ya da zango da dare ya kauce wa hanya, domin dabbobi da ƙwari ta nan suke bi. Na san shi tun ina Islamiyya, amma sai da saniya ta kife mini tukunya na fahimce shi. Ku ja baya daga ruwa, ku hau tudu, taku ɗari ko fiye. Kusa da ruwa sauro ya fi yawa, raɓa ta fi jiƙa kaya, kuma duk abin da ke fitowa daga ruwa da dare ta nan zai bi. A Kainji da Kiri da Dadin Kowa akwai dorina, ita kuwa da dare take fitowa kiwo, tana da turbar da take bi kullum. Wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya shiga uku, don duk girman nan nata ta fi mutum gudu. Kada laushin yashi ya ruɗe ku ku kafa tanti a cikin busasshiyar ƙorama, ruwan da aka yi a wani gari, wanda ko hadarinsa ba ku gani ba, yana iya isowa kuna barci. Kada ku sauka a ƙasan dam, ta inda kogi ke fita, don in an buɗe ƙofa ruwa ba ya sallama. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ruwan dam ke iyawa a watan Satumba na 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle. A ganina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan tafiya. Damina ba ta yi ba: hanya ta caɓe, ruwa yana hawa, ga tsawa, wanda ke tsaye a fili a bakin ruwa ko a gindin bishiya tilo kuwa shi aradu ke nema.

Yanzu sai ruwan kansa, a nan zan daɗe don a nan ake rasa rai. An ce iya ruwa fidda kai. Yawancinku ba ku iya ba, masu cewa sun iya kuma a kududdufi ko a wurin wankan otal suka koya, inda ƙasa take daidai, bango yana kusa. Ruwan dam daban ne. Ƙarƙashinsa tsohuwar ƙasa ce yadda take, da kwazazzabanta da rijiyoyinta da tsohon kwarin kogi. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, iya ƙugu, ka ƙara taku ɗaya sai ka ji ba ƙasa. Ginin Tiga ya haura mita 40 a tsayi, sai ku kwatanta zurfin da ke kusa da shi. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye, mai tsalle ya faɗa da ka yana iya samun ɗaya. Akwai laka mai riƙe ƙafa. Akwai ragar kalli, zarenta siriri ba ya ganuwa a ruwa, da ƙugiyoyi jere a doguwar igiya da masunta ke bari su kwana. In suka naɗe ƙafa, iya shure-shurenka iya ɗaurewarka. Saman ruwan da ɗumi, ƙasansa sanyi ƙarara, shi ke sa jijiyar ƙafa ta riƙe wa gwani.

Nutsewa kuma ba irin ta fim ba ce. Wanda ruwa ke ci ba ya ihu, don bakin da zai yi ihun da shi numfashi yake nema. Za ka ga kai yana ɓullowa yana komawa, hannuwa suna dukan ruwa, kafin minti guda an gama, abokai suna gefe suna dariya suna cewa wasa yake. Saboda haka in dole sai an shiga, a shiga inda masunta suka ce, da rana, a kuma bar mutum ɗaya a tudu wanda ba shi da aiki sai ƙirga kawuna, wayarsa a aljihu. In wani ya shiga matsala kada ka daka tsalle ka bi shi don kana ƙaunarsa. Mai nutsewa bai san ɗan'uwa ba, zai maƙale ka ya hau kanka, a yi jana'iza biyu. Miƙa masa gwangwala ko doguwar sanda, jefa masa igiya, ko ka wurga masa jarkar da ba komai a ciki, an toshe bakinta da kyau. Jarka mai lita 20 tana ɗaukar babban mutum. Wannan ba sabon ilimi ba ne, masuntan Argungu a kan gora suke kwanciya su bi ruwa. Ku ɗaura igiya a hannun jarka biyu ku ajiye a bakin ruwa tun kafin kowa ya tuɓe riga.

Sai kwalekwale. Ba wanda zai je tafki bai so a zagaya da shi ba, ni ma ina so. Amma ku tuna Bagwai. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke can, ɗauke da mutanen da suka fi ƙarfinsa, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla 29. A watan Mayu na 2021 ɗin dai, a wajen Warra ta jihar Kebbi, wani jirgin ya nutse da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. Lodi ne ke cin mutane a ruwanmu, lodi da tsufan jirgi da tafiyar dare. In mai jirgi ya ce biyar, kada ku lallashe shi ya ƙara na shida. In shi ne ke son ƙarawa, ku sauka ku jira sawu na gaba, kuɗin da kuka biya ya tafi. Ku sayi rigar ruwa tun daga birni ku sa ta ku ɗaure igiyoyinta, ba ta kai kuɗin takalmin da nake gani a ƙafar wasunku ba. Ku zauna inda aka zaunar da ku. Wanda ya miƙe a kwalekwale don ya ɗauki hoto da ran kowa yake wasa. Ku fita da safe ku dawo kafin iska ta tashi, don babban tafki in iska ta kaɗa shi yakan yi igiyar da ba ku zata ba.

Akwai kuma abin da ruwa ke yi wa mutum a ɓoye, ya bar shi ya koma gida lafiya lau, sai bayan wata biyu ko uku ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Tsargiya ke nan. A ƙauyukan bakin ruwa ta zama ruwan dare har wasu suna ɗaukar ta alamar balagar yaro, alhali tsutsa ce ke cin jikinsa. Ga yadda take zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyayin gefe, ya hayayyafa a ciki, ya fito dubbai yana iyo, ido ba ya gani. Ba sai ka sha ba. Ta fata suke shiga cikin 'yan mintuna, ko da wanke ƙafa ka tsaya yi. Sun fi yawa daidai inda kuka fi ganin aminci, wato gefe-gefe inda ba zurfi, ruwa ba ya gudu, ga ciyawa, kuma da tsakar rana, lokacin da zafi ke kiran mutum wanka. In ta yi shekaru a jiki tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kai wa ga sankarar mafitsara, mata kuma takan taɓa musu mahaifa. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu ita, madatsun ruwa da hanyoyin ban ruwan noman rani kuma sun ƙara mata gidaje.

Kariyar ba wuya. Ruwan wanka da na alwala a ɗebo a tafasa a bar shi ya huce, ko a ajiye shi a jarka kwana biyu, don tsutsar ba ta wuce haka in ba ta sami jikin da za ta shiga ba. Na sha ku zo da shi daga gida ko ku ɗeba a burtsatsen gari. Wanda ya riga ya shiga tafki, bayan wata biyu zuwa uku ya je asibiti a gwada fitsarinsa ko da bai ga komai ba. Maganin, firazikwantel, na yini ɗaya ne, ana auna mutum a ba shi daidai jikinsa. Ku lura kuma, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye ba ya gudu, ya tsawatar a kan yin bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke zama. Da mun riƙe wannan kaɗai, da zagayen tsargiya ya yanke tun a farkonsa. Ku haƙa rami nesa da ruwa, kowa ya gama ya rufe da ƙasa. Ruwan Tiga shi ke shayar da shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura, daga kogin nan kuma ake ɗiban wani kaso na ruwan famfon Kano, don haka abin da kuka zuba a ciki yana iya biyo ku gida.

Dare a bakin tafki na sauro ne. Gidan sauro mai magani, riga mai dogon hannu tun daga magariba, kuma duk wanda zazzaɓi ya kama daga mako ɗaya zuwa wata guda bayan dawowa ya je a gwada jininsa. Wannan kun sani.

Abin da ƙila ba ku sani ba shi ne gawayi ya fi sauro saurin kisa. A tsakiyar hunturu sanyin dare yakan sauko kusan digiri 10, a bakin ruwa kuma har cikin ƙashi ake jinsa. Ƙarfe biyun dare sai wani mai dabara ya ce a shigo da kurfoti cikin tanti a zuge ƙofa. Garwashin gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, irin wadda ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a ɗaki. Tana farawa da ciwon kai da kasala, mutum ya ɗauka barci ne, shi ke nan. Wuta a waje take kwana. Ku sa hula da safa, ku haɗa bargo biyu, ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashin tabarma, don sanyin daga ƙasa yake tasowa. Itacen girki a tara shi da rana, ba a laluba gindin kara da hannu cikin duhu, nan kububuwa da kasa ke kwanciya. Takalmi rufaffe, tocila a hannu ko fitsari za ka fita, da safe a kakkaɓe takalmin kafin a zura ƙafa saboda kunama. In ƙaddara ta sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi sai asibitin da ke da allurar dafi. Tun da rana za ku tambayi inda yake. Masu zuwa Dadin Kowa sun yi sa'a, asibitin saran maciji na Kaltungo jiharsu ɗaya da dam ɗin. Mota kuma ta kwana tare da ku, da mai a ciki, hancinta yana duban hanya, direba ya san inda ya ajiye mabuɗi.

Wutar da kuka hura ku share mata fili, ku kewaye ta da duwatsu, kafin barci ku kashe ta da ruwa har sai toka ta yi sanyi a hannu. Iskar hunturu tana ɗaukar tartsatsi guda ta kai shi ga tarin kara ko harawar da wani ya kwashe damina yana tarawa, abin da ba ku da kuɗin biya. Kada ku sari ɗanyen ice, ku sayi busasshe a gari. Ledar fiya wata da ta Indomie kuma ku tara a buhu ku koma da ita. Ku tambayi kowane mahauci irin dunƙulen ledar da yake fitarwa daga tumbin saniya, da yadda dabba ke ramewa tana ci ba ta ƙoshi.

Wayoyinku ma ku riƙe su da kunya. Matar da ta zo ɗiban ruwa ko wanki ba ta fito don ta shiga Facebook ba, yaran da ke wanka tsirara kuma 'ya'yan wasu ne. A tambaya kafin a ɗauka, in an ƙi a haƙura. Sifikar kiɗa ku bar ta a gida. Sauti a kan ruwa yana tafiya nesa, masunci kuwa tun kafin asuba zai tashi. In akwai 'yan mata a tafiyar, su kasance da babba daga gida, da tantinsu daban. Mutanen ƙauye ba za su ce muku komai ba, baƙo raɓa ne, za su jira ku tafi. Waɗanda za su zo bayanku ne za su tarar an rufe ƙofa ba su san dalili ba.

Kada ku ce tsoho ya cika ku da tsoro. Da ban ɗanɗani daɗin abin ba da ban ɓata tawada ba. In wuta ta mutu, ido ya saba da duhu, ku ɗaga kai ku ga taurarin da fitilun birni suka ƙwace muku: Kaza da 'Ya'yanta a tsakiyar sama, in an dace kuma Gamzaki gabanin asuba. Ku saurari kirinjijiya suna wucewa suna feɗuwa. Ku tashi da sassafe ku je inda jirage ke sauka, lokacin da hazo ke kwance a kan ruwa, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Ku tsuguna a gefe ku ce a koya muku sunayen kifi. Karfasa da tarwaɗa kun sani, to ku nemi a nuna muku kurungu mai ƙaya, da kawara, da ragon ruwa, da bargi, in rabo ya rantse har giwan ruwa. Ku saya a hannun wanda ya kama, kada ku yi masa cinikin kasuwar birni, ya kwana a sanyi kafin ya samo. Fura da nono za su zo da kansu da hantsi. Ni a safiyar da shanu suka tattake mu, bayan mun kwashi kunya mun shiga gari mun yi sallamar da ya kamata mu yi tun jiya, aka nuna mana wani tudu a gindin tsamiya, aka aiko mana da tuwo da miyar kifin da har yau ban ci irinta ba.

Ranar tafiya ku kwashe komai, ku cike ramukan da kuka haƙa, ku bi wurin da ido har ya koma yadda kuka same shi. Sauran shinkafa da mai da sukari ku bar wa wanda ya yi muku jagora, ku ƙara masa abin da ya sauwaƙa. Ku koma wurin mai unguwa ku yi masa ban kwana, ku ƙirga kanku a gabansa ya ga kun cika, ku karɓi lambarsa, in kun isa gida ku kira ku ce kun sauka lafiya. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In Tiga kuka je, ku riƙo mini bandar tarwaɗa, mai ɗan mai-mai.